Ɗakin da Baba Ya Ce Ruwa Ya Ci

Mahaifina, Bawa, shekara ashirin da ɗaya ya yi yana aiki a ƙarƙashin ƙasa, ni kuwa 'yarsa ko sau ɗaya ban taɓa ganin wurin ba. A Jidda mace ba ta shiga makabarta. Iyakarmu bakin ƙofa ko jikin katanga, mu ɗaga hannu daga waje mu yi addu'a mu juya. Don haka duk abin da zan faɗa game da cikin wurin daga bakinsa na ji, kuma Baba ba mutum ne mai yawan magana ba. Sai ka matsa shi kamar lemon tsami kafin ka samu ɗigo biyu.

Ba zan faɗi sunan makabartar ba. Ƙarama ce, a kan wani ɗan tudu gabas da Balad, tsohuwar unguwar garin. In ka je yau ba abin da za ka gani sai fili da 'yan duwatsu marasa suna, don tuni aka toshe hanyar shiga ƙasan da siminti. Jikokina ma dariya suke yi in na ce musu akwai wani abu a ƙarƙashin wurin. To akwai. Sardab ake kiransa, wato hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Matakala goma sha tara ake sauka, sai a tarar da wani dogon lungu da aka gina da dutsen teku irin na tsofaffin gidajen Balad. Rufinsa bai kai tsayin mutum ba. Dama da hagu ƙananan ɗakuna ne, kowanne daidai kwanciyar mutum guda, na maza a farko, na mata goma sha shida can a ƙurya.

Wanda ya gina shi kuwa, kowa da nasa labarin. Baba ya ce tun zamanin Turkawa ne, wata shekara da annoba ta faɗa wa alhazai har masu haƙan kabari suka kasa. Mai kula da makabartar, wani mutum mai sanyin hali da ake ce wa Saleh, ya ce wani attajiri ne ya gina sadaka. Wani tsohon mai gadi kuma ya rantse cewa asali matattarar ruwan sama ce, da ta tsage aka mayar da ita haka. Ni dai na fi yarda da na mai gadin, don shi kaɗai ne labarin da ba wanda ya samu yabo a cikinsa.

Ga yadda aikin yake. In aka sa mamaci a ɗaki, sai a rufe bakin da faifan dutse a liƙe da laka. Bayan shekara uku, in layi ya zagayo, a fasa lakar, a bar ɗakin ya sha iska, mutum ya shiga da rarrafe ya tattara ƙasusuwan ya ajiye a wani gurbi da ke can ciki, ya baza sabon yashi, a kwantar da wani. Ƙasar kaɗan ce, baƙi kuma ba sa ƙarewa. Duk shekara jirage na zuba alhazai a tasha, wasu da ƙyar suke taka ƙasa su ce ga garinku nan.

Baba a Jidda aka haife shi, iyayensa da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa. Da farko dako yake yi a tashar jiragen ruwa, har ranar da buhun shinkafa ya kayar da shi ya ga cewa jikinsa ba na dako ba ne. Gajere ne, siriri, kamar da sardab ɗin aka auna shi. A shekarar 1952 ya fara. Sauran ma'aikatan suna haƙa kaburburan sama, su sauko da gawa har bakin ɗaki, amma shiga ciki da kwashe ƙashi, shi kaɗai. Ba wanda ya taɓa yi masa gasa. Ba ya sa shebur, da hannu yake yi, kuma daga ƙafafu yake farawa, sai ya yi sallama kafin ya shiga. Ba ya rubuta komai, amma ka tambaye shi wa ke ɗaki na bakwai, zai gaya maka wata da shekara da ƙasar da mutumin ya fito.

Mahaifiyata, Khadijatu, Inna muke ce mata, ita ba haihuwar nan ba ce. A wani ƙauye kusa da Daura aka haife ta, ta girma a Sudan, ta ƙetaro teku tana budurwa. Allah ya jiƙanta, amma ban taɓa ganin mace mai ƙyanƙyami irinta ba. Kofin shayinta nata ne ita kaɗai. Tabarmarta in baƙuwa ta zauna a kai, sai ta wanke ta shanya. Ni 'yarta ban isa in kwanta a kan matashinta ba. Baba in ya dawo aiki, a tsakar gida yake tuɓe kayansa ya yi wanka da sabulunsa na daban kafin ta yarda ya tako ɗaki. Ba ta raina aikin ba, ta san na lada ne. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne a ture mutum gefe a kwantar da wani a makwancinsa. Takan ce ubanta yana Sudan a ƙarƙashin wata aduwa, shi kaɗai, ba mai taɓa shi har tashin ƙiyama, kuma haka mutanen kirki suke kwanciya.

Ciwon ajalinta a shekarar 1960 ya kama ta, ina da shekara goma sha shida. Wata rana da hantsi ina yi mata fifita, Baba ya shigo zai yi mata sallama ya tafi aiki, sai ta riƙe bakin rigarsa.

"Malam, zauna."

Ya zauna.

"Na san a raminka za ka sa ni."

"Khadija, bar wannan magana. Sauƙi na nan tafe, insha Allah."

"Kar ka yi min wayo. Ni dai abu ɗaya nake roƙo. Kar ka kwashe ni. Kar ka kwantar min da wata a wurina. Ka ce ka yi alkawari."

Baba ya dubi ƙasa. Ya san abin da take nema ba a hannunsa yake ba. Ni ma na sani, kuma da ina da bakin da nake da shi yanzu da na ce, Inna, ki ji tsoron Allah ki sake shi. Amma mai ciwo ce, idonta ya faɗa, hannunta bai saki rigarsa ba.

"Tayyib, to," in ji shi. "Na yi."

Kwana tara bayan nan ta rasu. Shi da kansa ya kwantar da ita a ɗaki na goma sha huɗu, ya liƙe bakin.

Shekara ukun farko ba wata damuwa, don layi bai zo ba. Da ya zo, Saleh, da ke kiransa Amm, wato baffa, ya ce, "Ya Amm Bawa, gobe a buɗe na sha huɗu." Baba ya sauka, ya zauna a ƙasa ya ɗan jima, ya hau ya ce ruwa ya ci ɗakin. Ba ƙaryar da za a yi mamaki ba ce. Ƙasar Jidda gishiri ce, ruwan teku na tsatso ta ko'ina, akwai ma ɗakin maza biyu da aka daina amfani da su saboda haka. Saleh ya ce la haula, ya ce a tsallake shi. Shi ke nan. Baba ya dawo gida ya gaya min, don ba shi da wanda zai gaya wa, kuma ranar bai iya cin abinci ba. Mutumin da ko farashin tumatir ba ya iya ƙara wa kwabo, yau ya yi ƙarya a kan makabarta.

Abin da bai hango ba shi ne, ƙaryar nan sai an tsare ta. Muddin shi ne mai sauka, ɗakin na nan a rufe. Ranar da wani ya karɓi aikin, zai taɓa lakar ya ji ta a bushe ƙamas, ya kira Saleh, kafin la'asar an kwashe Inna. Ta haka Baba ya ɗaure kansa. Ba ya hutu. Ba ya kwanciya ciwo. Makka ga ta nan kusa, amma sai ya shekara biyu bai je Umra ba, in ya je kuma a ranar yake dawowa. Madina kuwa bai sake taka ta ba. Sau biyu Saleh, don tausayi, ya kawo masa wanda zai karɓe shi. Na farko wani ƙato ne ɗan Yaman, Baba ya kafa masa ƙahon zuƙa, komai ya yi bai yi daidai ba, har mutumin ya gudu. Na biyu wani Bahaushen Sudan ne, Usman, magidanci mai 'ya'ya biyar, mai hankali, yana buƙatar aikin ƙwarai. Baba ya ce ai hannunsa ya yi nauyi. Na ji kunyar wannan, har yau ina jin ta, don matar Usman ƙawata ce.

Ana haka na yi aure, muka koma unguwar Bani Malik da mijina Hamad, muka ɗauki Baba ya zauna tare da mu. Daga can zuwa makabartar tafiya ce. Kullum bayan asuba sai ya fita ya jira mota a bakin titi. Bayansa ya riga ya yi doro saboda sunkuyo, har in yana tafiya a fili sai ka ga kamar yana kauce wa rufin da babu shi. Gwiwoyinsa suka kumbura. Tari ya kama shi wanda ba ya jin magani. Da yamma nakan dafa ruwa in gasa masa ƙafa, ina gasawa ina masifa.

"Baba, wai sai ka mutu a kan matakalar nan? Inna fa ta tafi. Ba ta san ko ita kaɗai ce ko su goma ba ne."

"Ni na sani ai."

"Ka tambayi malamai mana. Wa ya ce dole ka cika alkawarin abin da ba a hannunka yake ba?"

"Zaituna, ruwan ya huce. Ƙaro min."

Haka muke yi. Ina son mahaifiyata, amma a shekarun nan na yi fushi da ita fiye da yadda na yi kewarta. Tana kwance abinta a wuri mai sanyi, ta bar tsoho yana hawa da sauka. Shi ma na yi fushi da shi, don taurin kai ne ya sa masa rigar amana.

Hamad a jirgin ruwa yake aiki, mai zuwa Misra. Wata tafiya ya samu ya leƙa Iskandariyya, ya dawo da labari bakinsa har kunne. Muna shan shayi bayan la'asar ya ce, "Baba, wallahi na ga irin aikinka, amma na mutanen da. Kaburbura a ƙarƙashin ƙasa, hawa-hawa. Turawa sun yi layi suna shiga kallo, maza da mata, an sa musu lantarki, ga mai yi musu bayani. Har hoto suke ɗauka."

Na ce, "Kallon me? Ƙashin mutane?"

"Tarihi ne, ya Zaituna. Ke ba ki gane ba."

Baba ya shanye kofinsa. Sa'an nan ya ce, "Matakala nawa ce?"

Hamad ya ce bai ƙirga ba, amma za ta kai ɗari.

"Allah sarki mai share musu," in ji Baba. Ya miƙa min kofin.

Shekara goma sha uku ɗakin nan yana rufe. Sai bayan Hajjin farkon 1973. Lokacin sanyi ne, alhazai sun dawo Jidda suna jiran jirgi, tsofaffi da yawa tari da zazzaɓi suka kwantar da su. Baba ya daina dawowa cin abincin rana, don haka ni nake kai masa. Ranar da abin ya faru na isa kafin azahar da kwanona, na tsaya a bakin ƙofa inda na saba. Ƙofar a buɗe take. Daga ciki, a inuwar katanga, ga makara a ajiye da gawa a kai, an lulluɓe da wani tsohon bargo. Wani ma'aikacin masu kula da alhazai yana tsaye da takarda a hannu, sai duba agogo yake yi. Saleh da Baba suna gefe.

Na ji mai takardar yana cewa tsohuwa ce daga Nijeriya, sunanta Saudatu, tun jiya ta rasu, 'yan garinsu kuma jirginsu ya tashi da safe. An yi mata wanka an yi mata salla. Motar da ta kawo ta ta tafi ɗauko wasu.

Saleh ya share fuska da gefen rawaninsa. Idanunsa sun yi ja, shi ma kwana nawa bai huta ba.

"Sama babu wuri, duk sababbi ne. Ƙasa fa, ya Amm Bawa?"

"Na mata sun cika."

"Wanne ya fi daɗewa?"

"Na tara."

"Tun yaushe?"

"Wata goma sha huɗu."

Saleh ya ce, "Ma fi hal, ba yadda za a yi. Buɗe na taran."

Ban san aikin ba, amma na zauna da mai aikin, na san me wata goma sha huɗu ke nufi. Wadda ke ɗaki na tara ba ta gama komawa ƙasa ba. Ba ƙashi zai tarar ba, mutum zai tarar, kuma mace. Baba ya taɓa gaya min wace ce, wata yarinya 'yar Jawa ta ƙasar Indunusiya da ta rasu wurin haihuwa.

Ya tsaya, hannuwansa a baya, yana kallon makarar. Ƙudaje sun fara taruwa a kan bargon. Bai san ina bakin ƙofa ba, ko kuma ya sani bai waiwayo ba. Wallahi ban san abin da nake so ya ce ba. Shekara goma ina yi masa masifa ya saki, yau da sakin ya zo sai na ji ina so in yi ihu in ce kar ka taɓa min uwa.

"Akwai ɗaki," in ji Baba.

"Wanne?"

"Na sha huɗu."

"Wanda ruwa ya ci?"

"Babu ruwa a ciki. Ba a taɓa yi ba. Matata ce a ciki."

Saleh ya dube shi. Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi tambaya. Sai kawai ya sauke numfashi, ya zauna a kan wani dutse kamar wanda aka zare wa laka. Gajiyar da ke jikinsa ba ta bar masa wurin fushi ba.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Yalla, maza ku taimaka masa."

Baba ya ce a ba shi lokaci tukuna. Ya ɗauki fitilarsa da guduma ya nufi bakin sardab, daga nan katanga ta kare min shi. Na zauna a ƙasa a gefen titi da kwanon abinci a cinya. Aka kira azahar, aka yi salla, aka fito. Mai takardar ya gaji ya tafi. Can aka zo aka ɗauki makarar. Ban san iya lokacin da na yi a wurin ba, na dai san inuwar katangar ta bar ni ta koma ɗaya gefen.

Da ya fito, ba da ƙafarsa ya fito ba. Ma'aikata biyu ne suka riƙo shi ta hammata, sun ce a matakala ta huɗu ya zauna ya kasa tashi. Ba rawani a kansa. Gwiwoyin wandonsa duk farin yashi. Na tare tasi muka sa shi a baya muka koma Bani Malik.

A gida ya yi wanka, ya yi salla a zaune. Na kawo ruwan zafi na durƙusa gabansa. Sai da na gasa ƙafa ɗaya sa'an nan na tambaye shi.

"Baba, ka gan ta?"

"Na gan ta."

"Yaya take?"

"Kaɗan ce, ya binti, 'yata. Ban san ta yi ƙanƙanta haka ba. Rawanina ya ishe ta har da saura." Ya yi tari. "Na yi mata sallama. Na ce mata baƙuwa ce, ba ta da kowa, tun jiya take jira. Na ba ta haƙuri."

Na sunkuyar da kai ina matsa tsumma, hawaye na zuba a cikin ruwan. Na ce, "Allah ya sani ka yi iya yinka. Shekara goma sha uku. Wa zai yi haka?"

"Ba wannan ne ya dame ni ba."

Na ɗago.

Yana kallon hannuwansa, leɓensa na rawa. Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba, ko ranar da ta rasu.

"Da na liƙe bakin ɗakin na juyo," ya ce, "sai na tuna gobe ba dole in zo ba. Zaituna, daɗi na ji. Ƙasusuwan uwarki ba su bar hannuna ba, ni kuwa daɗi na ji."

Ni ma shi na ji. Na jawo ɗaya ƙafar na sa a cikin ruwan.